An sayar mana da lamba, malamin lissafi na tsaye yana kallo

Jama'a, yau da kaina zan fara, don kada wani ya ce Mushe gwani ne wajen hango laifin mutane.

Bara, gab da ƙarshen shekarar karatu, ƙungiyar uwayen ɗalibai ta kwalejin da nake koyarwa a nan Maradi ta yanke shawarar saya wa makaranta salula mai kyamara. Hujjarsu mai kyau ce. Ana buƙatar hotunan katin ɗalibai, ana buƙatar hoton rufin ajin da iska ta kware don a kai wa hukuma, ga kuma bikin raba kyaututtuka. Duk shekara wani dattijo mai hoton unguwa ake kira a biya shi, sai aka ce in an sayi waya an huta. Uwaye suka yi karo-karo, wani dala ɗari, wani jaka guda, har aka tara jaka 95. Aka tura mu uku kasuwa: shugaban ƙungiya, da ma'aji, da ni. An saka ni ne wai don ni ke koyar da lissafi, ba wanda zai cuce mu da lamba.

Mai shago ya ɗauko kwali ya ajiye gabanmu, ya ɗora yatsa kan wata lamba da aka rubuta da manyan baƙaƙe. Ya ce: "Alhaji, wannan megapiksel 108 ce. Ta tsohon naku na san ta, 12 ce. Ga Mushe nan, ku tambaye shi, 108 ta ninka 12 sau nawa?" Na ce sau tara. Ya ce: "To, kun ji daga bakin malami." Muka ƙirga kuɗin talakawa muka ba shi.

Ranar bikin, bayan la'asar, hadari ya taso da jar ƙura. Aka kwashi jama'a daga fili aka shige ajin da ya fi girma, mai taga biyu, ga wuta an ɗauke. Na ɗauki hotuna sun fi sittin. Da na zauna dubawa da dare sai gabana ya faɗi. Duk yaron da ya motsa ya zama inuwa, fuskokin da suka tsaya kuma kamar an shafe su da man kaɗe, bango cike da tsaki-tsaki. Yarinyar da ta zo ta ɗaya a ajin 3e, wadda mahaifiyarta ke suyar awara a bakin makaranta, ko idanunta ba a rarrabewa. Shi kuwa dattijon da muka sallama ya zo don sabo, ba wanda ya gayyace shi, ya ɗauki ƴan hotuna ya tafi. Washegari ya kawo wa uwar yarinyar hoto guda a takarda, tas, har zanen lallen hannunta ana gani. Kyamararsa Nikon D700 ce, ƙirar 2008, megapiksel 12.

Na je na same shi cikin kunya na ce: "Baba, yaya aka yi haka?" Ya yi dariya ya ce: "Mushe, ku kun sayi yawan ƙwaya, ba ku tambayi girman tiya ba."

Wannan magana ta hana ni barci. Mai shago bai yi ƙarya ko ɗaya ba, 108 ta ninka 12 sau tara. Tambayar ce ba ita ya kamata a yi ba, kuma ni da ke koyar da faɗin fili da riɓi shekara 17 ban gane ba. Abin da nake so in kafa hujja a kansa shi ne: ana cin kuɗinmu da lambobin da ɗan ajin 4e ya isa ya warware, kuma babban laifin yana wuyan irin koyarwar da muke yi.

Bari mu buɗe cikin abin. A bayan gilashin kowace kyamara ta zamani akwai wani ɗan faifai da haske ke sauka a kansa. A takardun Faransanci sunansa capteur, ni zan kira shi faifan haske. Shi ya gaji fim ɗin da ake wankewa a da. An yayyanka fuskarsa zuwa ƙananan gidaje, kowane gida shi ne piksel, gida miliyan guda shi ne megapiksel. Ke nan lambar da ke kan kwali tana gaya maka gida nawa aka raba filin, ta yi shiru game da girman filin. Wanda ya gaji gona eka guda ya raba ta kashi 108 bai fi wanda ke da eka ashirin ya raba kashi 12 samun damin hatsi ba. Ba manomin da za a yaudara da wannan a Dakoro ko Tasawa, amma mu ƴan boko an yaudare mu.

Ma'aunin da duniyar masu hoto ke gwada komai da shi shi ne milimita 36 a tsawo, 24 a faɗi. Ya samo asali daga fim ɗin silima na milimita 35, wanda Oskar Barnack ya yi amfani da shi a ƙaramar kyamarar Leica da aka fara sayarwa a Jamus a 1925. Faɗin filinsa 36 sau 24, wato murabba'in milimita 864, ya ɗan fi rabin hoton katin ɗalibi. Shi ke cikin kyamarar dattijon. Daga nan sai a yi ta gangarowa:

Faifan APS-C, wanda ke cikin akasarin kyamarorin da matasa ke saya na hannu: kimanin 23.5 da 15.6, murabba'in milimita 367. Na Canon ya ɗan fi ƙanƙanta, 22.3 da 14.9.

Faifan Micro Four Thirds, wanda Olympus da Panasonic suka fito da tsarinsa a 2008: 17.3 da 13, murabba'in milimita 225.

Faifan da ake ce wa "inci guda": 13.2 da 8.8, murabba'in milimita 116.

Faifan salularmu mai megapiksel 108: da na bincika sai na tarar gidaje 12,000 ne a tsawo, 9,000 a faɗi, kowane gida faɗinsa mikiron 0.64. Mikiron shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita, silin gashin mutum yana kai wa mikiron 50 zuwa 100. In ka ninka, faifan bai wuce milimita 7.7 da 5.8 ba, murabba'in milimita 44. Girman ƙwayar wake.

Yanzu a raba 864 da 44. Amsar ta kusa 20. Filin dattijo ya ninka namu sau ashirin. Gidan piksel ɗinsa guda yana da faɗin mikiron 8.4, ya ninka namu sau 13 a gefe ɗaya, fiye da sau 170 a faɗin fili. Abin da ya fi ba ni haushi ma shi ne, masu ƙera wayar sun san gidajen sun yi ƙanƙanta, don haka wayar tana haɗa gida tara su zama ɗaya kafin ta ba ka hoto. A raba 108 da tara a gani. Hotunan da na ɗauka ranar bikin duk megapiksel 12 ne, daidai da na tsohon da muka raina.

Me ya sa girman fili ke da wannan tasiri? Ku tuna da damana. In rediyo ta ce an samu ruwan milimita 20 a Madarunfa, wannan lamba zurfi ce. Ruwan da ya sauka a kan tebur mai murabba'in mita guda da wanda ya sauka a kan rufin kwano mai murabba'in mita 50 duk milimita 20 ne, amma tebur ya tara lita 20, rufi ya tara lita 1,000. Haske ma haka yake saukowa, ɗigo-ɗigo, ba a jere ba. In faifai ya tara kaɗan, wani gida ya samu da yawa, maƙwabcinsa ya samu ƙasa da haka, sai hoto ya fito da tsaki. Ƙa'idar kuwa sananniya ce: sai ka ninka hasken sau huɗu kafin tsakin ya ragu da rabi. Da tsakar rana haske ya yi yawa har ƙwayar wake ta ƙoshi, shi ya sa hoton waya a fili yake burgewa. A aji mai taga biyu lokacin hadari, ruwan ya zama yayyafi, sai mai babban rufi.

Idan haske ya gaza, waya tana da dabara uku, kuma duka na gan su a hotunana. Ta bar idonta a buɗe ya daɗe, sai duk mai motsi ya zama inuwa. Ta ɗaga abin da ake kira ISO, wanda yake kamar ƙara muryar rediyon da tasharsa ba ta kama sosai ba, magana ta ƙaru, shuuu ma ya ƙaru. Sannan ta goge tsakin da lissafin kwamfuta, ta haɗa har da gira da zanen lalle ta goge.

Yaudara ta biyu ta fi ta farko wayo, domin ko masu hoto tana kama su. A takardar waya za ka ga an rubuta: gilashi milimita 24, f/1.8. Mai karatu sai ya ɗauka daidai take da gilashin babbar kyamara mai waɗannan lambobi, wanda kuɗinsa kaɗai ya fi na wayar. To a lura. Lambar farko, tsawon gilashi, ita ke faɗin yawan abin da zai shiga hoto. Gilashin milimita 24 ba zai shiga cikin waya mai kaurin milimita 8 ba. Tsawonsa na gaskiya wajen 5.3 ne. An ninka shi ne da wata lamba don a ce yana ganin abin da gilashin 24 ke gani a kan faifan 36 da 24.

Wannan lambar riɓi ba asiri ba ce, darasin Pitagor ne. Layin da ya ratsa babban faifai daga kusurwa zuwa kusurwa milimita 43.3 ne. Na wayarmu 9.6 ne. A raba, a samu 4.5. Ta APS-C 1.5 ce, ko 1.6 a Canon. Ta Micro Four Thirds 2 ce, ta "inci guda" 2.7. Kuma 5.3 sau 4.5 ya ba da 24. Har nan babu laifi.

Laifin yana ga lamba ta biyu. Lambar f rabawa ce: tsawon gilashi a raba da faɗin ƙofar da haske ke bi. A gilashin 24 na gaskiya, f/1.8 na nufin ƙofa mai faɗin milimita 13. A wayarmu, 5.3 a raba da 1.8, ƙofar ba ta cika milimita 3 ba. Ƙofa ta ragu sau 4.5 a faɗi, ta ragu sau 20 a fili. Zurfin ruwan ɗaya ne, f/1.8 a ko'ina f/1.8 ce wajen ƙarfin hasken da ke sauka a kan kowane milimita, amma jimillar da aka tara ta sha bamban. In za a yi adalci a juya lamba ta farko, sai a juya ta biyu ma: 1.8 sau 4.5, wato f/8. Sai suka juya wadda ke ƙara musu kwarjini, suka bar ɗayar yadda take. Ɗalibin da ya ninka gefe ɗaya na lissafi ya bar ɗayan, jan biro muke sa masa. Dattijo ya ɗauki hotonsa a f/2.8, duk da haka hasken da ya tara a ƙiftawa guda ya ninka nawa kusan sau takwas. Fasahar faifai ta ci gaba daga 2008 zuwa yau, gaskiya ne, amma ba ta cike wannan rami ba.

Ga ƙa'idar gaba ɗaya, ta shiga layi uku na allo. In kana son kyamara biyu masu faifai daban su ba da hoto iri ɗaya, daga wuri ɗaya, da saurin ƙiftawa ɗaya: ninka tsawon gilashi da lambar riɓi, ninka lambar f da lambar riɓi, ninka ISO da lambar riɓi sau kanta. Misali, Micro Four Thirds mai gilashin 25, f/2, ISO 400 daidai take da babbar kyamara mai gilashin 50, f/4, ISO 1600. A duba: 25 a raba da 2, 12.5, 50 a raba da 4, 12.5. Ƙofa ɗaya, haske ɗaya, hoto ɗaya.

Ko sunayen faifan ma tarko ne ga wanda bai riƙe darasin kashi ba. Ana rubuta 1/1.67 ko 1/2.76 na inci. Na sha ganin mai saye ya zaɓi na biyu don 2.76 ta fi 1.67, ya manta lambar a ƙasan layi take, in ta girma abin ya ƙanƙance. Shi kansa "inci guda" ɗin ba inci ba ne. Inci milimita 25.4 ne, layin kusurwar faifan kuwa 16. Sunan gado ne daga bututun gilashin kyamarorin talabijin na shekarun 1950, inda ake auna bututun daga waje.

Kada a ɗauka wannan matsalar masu sayen waya ce kaɗai. Yara nawa ne yau suke gama BEPC ko Bac, uwaye su sayar da tunkiya su saya musu kyamara ta hannu don su kama sana'ar hoton biki da suna? Ɗan ƙanwata yana cikinsu. Ya ji a intanet ana cewa gilashin 50 shi ne na kowa da kowa, ya zuba jarinsa ya saya. Masu wannan magana da babban faifai suke aiki, tasa kuwa mai faifan 22.3 ce, gilashin 50 a kanta yana gani kamar na 80. Ran aikinsa na farko ya shiga ɗakin amarya, ya ja da baya har ya jingina da bango, tazarar mita uku, ƙawaye biyar suka kasa shiga hoto. Na zana masa alwatika biyu na Tales a ƙasa: 22.3 a raba da 50, a ninka da mita uku, faɗin abin da zai kama mita 1.3 ne kacal. Da babban faifai ne da ya kama mita 2.2. Gilashin 30 ko 35 ya kamata ya saya. Ya ce: "Kawu, ai mun yi Tales a 3e, har na ci 15 bisa 20." Ya ci maki, ya yi asarar jari, domin ba wanda ya taɓa nuna masa cewa alwatikan nan suna rayuwa a wajen kaye.

Na san abin da abokan aikina za su ce, don sun riga sun faɗa mini a ɗakin malamai.

Na farko ya ce: "Mushe, aji mai yara 80, manhaja ba ta ƙarewa, ga yajin aiki, ga zafi, kai kuma ka kawo mana kyamara?" Ban ce a ƙara darasi ko ɗaya ba. Faɗin fili, kashi, riɓi, Pitagor, Tales, duk suna cikin manhajar da ke hannunmu. Abin da nake ƙi shi ne mu shekara muna auna gonar wani mutum da ba ya wanzu, mai tsawon mita 120 da faɗin 80, alhali a aljihun uban kowane yaro akwai abin da aka sayar masa da wannan lissafi. Misalin kawai za a canza, awa ɗaya ba za ta ƙaru ba.

Na biyu ya ce: "To talaka ya sayi babbar kyamara ke nan?" A'a. Kuma a nan adalci ya wajaba a kaina. Ƙa'idar daidaiton da na kawo tana yanka ta gefe biyu. Babbar ƙofa tana tara haske, amma tana taƙaita zurfin abin da ke fita tas: na gaba ya fito, na baya ya dushe. In dattijo zai ɗauki hoton aji mai sahu huɗu, dole ya tsuke ƙofarsa zuwa f/8 don sahun baya ya fito, kuma a nan fifikonsa na haske ya tafi, ya dawo daidai da wayarmu. Babban faifai zaɓi yake ba ka, ka buɗe ko ka tsuke. Ƙarami ya riga ya zaɓa maka. Don hoton aji a inuwar bedi da hantsi, ko hoton rufin da ya kware, ko kwafe abin da ke kan allo, waya ta wadatar, har ta jaka 50 ma. Abin da nake faɗa shi ne mun biya jaka 95 saboda lambar da ba ta tsinana mana komai ba, kuma muka yanke abincin wani dattijo bisa hujjar banza.

Na uku, matashi ne mai son fasaha, ya ce wayoyin yanzu suna ɗaukar hotuna da yawa a jere su haɗa su ɗaya, har cikin dare su fito da abu mai kyau. Gaskiya ne, kuma dabara ce mai kyau: in rufinka ƙarami ne, ka daɗe kana tara ruwa. Tana aiki ga masallaci, ga bango, ga dattijon da ya zauna shiru. Yaron da aka kira sunansa ya taso da gudu karɓar kyauta ba zai tsaya daƙiƙa biyu don wayarka ta gama tara haske ba. Ban kuma ce yawan piksel aibu ne ba. A kan babban faifai, da gilashi mai kyau, da isasshen haske, yana ƙara bayyana ƙananan abubuwa. Sai dai a tambayi kai: nawa muke buƙata? Hoton da ake wankewa na santimita 10 da 15, a ma'aunin ɗab'i mai kyau na ɗigo 300 a kowane inci, megapiksel 2.1 yake ci. Cikakkiyar takardar A4 ba ta kai 9 ba. Hoton kati na milimita 35 da 45 bai kai rubu'in megapiksel guda ba. Wanda za a tura ta WhatsApp kuwa, matse shi ake yi kafin ya isa.

Ga abin da na yi bana da ƴan ajina, duk malamin da ya ga dama ya gwada, ba ya cin ko dala. Na sa kowane rukuni ya yanko takardu biyar da ma'aunan da na lissafa a sama, daga 36 da 24 har zuwa 7.7 da 5.8, su manna su a jere. Kafin su taɓa biro na ce su ƙiyasta da ido sau nawa babban ya ninka ƙaramin. Akasari suka ce sau huɗu ko biyar, domin ido gefe yake aunawa. Da lissafi ya ba su 20 sai aji ya kaure da musu, wasu suka yi ta jera ƙananan a kan babban don su ƙaryata ni. Ranar ne suka fahimci abin da na shekara ina sa su haddacewa: in gefe ya ninku sau 4.5, fili yana ninkuwa 4.5 sau 4.5. Da ruwan farko ya sauka muka ajiye gwangwanin tumatir ƙarami da babban gwangwanin madara a tsakar fili. Zurfin ruwa ya zo ɗaya, da aka juye a kwalba yawan ya bambanta. Wata yarinya ta ce: "Mushe, ashe f/1.8 zurfi ce, ba lita ba." Ban taɓa jin daɗin amsar ɗalibi kamar wannan ba.

Ku kuma uwaye, ba sai kun iya Pitagor ba. In za ku saya wa gida ko makaranta ko yaro mai neman sana'a, ku riƙe abu huɗu. Ku tambayi girman faifan haske kafin yawan megapiksel, in mai shago bai sani ba a duba sunan wayar a intanet a gabansa. Ku gwada ta a lungun shagon da ya fi duhu, wani ya riƙa kaɗa hannu, sannan ku buɗa hoton da yatsa biyu ku dubi fuska. Kada yawan idanun da ke bayan waya ya ruɗe ku, a wayoyi masu araha sau da yawa ɗaya ne ke aikin, sauran na megapiksel 2 ne ko ƙasa da haka. In kuma kyamara ce mai sauya gilashi, ku sa yaron ya faɗi lambar riɓin faifanta, ya ninka a gabanku, kafin a biya kuɗin gilashi. In ya kasa, ku turo shi wurin malaminsa na lissafi, haƙƙinku ne a kanmu.

Abin ya wuce hoto. Wanda aka sayar wa megapiksel yau, gobe shi za a sayar wa fanon sola da lambar wat da ba ya bayarwa, da batir mai lambar da ba ta cikinsa, da bashi mai ruwan "kashi biyu kacal" ba a ce masa a wata ne ko a shekara ba. Duk salon ɗaya ne: a ɗaga maka lamba mai girma, a ɓoye abin da aka auna da ita. Uwa mai suyar awara tana tura ƴarta lakwal ne don wata rana a samu mai tsaya wa gidan a gaban irin wannan kwali ya ce: lambar mene ce wannan, kuma an raba ta da me? In yaro ya yi shekara goma a hannunmu bai iya wannan tambaya ba, makin da muka ba shi bai amfane shi ba.

A taron uwaye na farkon bana na miƙe na faɗi abin da ya faru, na nemi gafara. Shugaban ƙungiya ya ce: "Mushe, ai tare muka je." Na ce: "Alhaji, ku don amana aka tura ku, ni don lissafi." An amince waya ta ci gaba da aikin kati da na ofis, ranar biki kuma a kira dattijo a biya shi haƙƙinsa. Na roƙe shi ya zo ajina da kyamararsa ya cire gilashin yara su leƙa ciki, ya kuma yarda, da sharaɗin kada kowa ya sa yatsa.